Ɗamarar Fatake: Yadda Ta Iso Kurmi Da Yadda Magabata Suka Kiyaye Ta

 

A ƙarshen daminar bara, dattijon da muke yi wa hidimar alƙalami ya aike mu wani tsohon gida a zangon Kumasi, domin mu rubuta kayan wani mamaci kafin malamai su zauna rabon gado. Da aka gama lissafa riguna da littattafai da kayan ɗaki, sai aka jawo wata adaka ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A can ƙasanta aka tarar da wani ƙunshi cikin baƙar leda. Da aka kwance, sai ga ɗamarar jar fata mai faɗin yatsu huɗu, da kuben wuƙa da 'yar zabira rataye a jikinta. Magada suka ce ta kakan mamacin ce, wanda ya shigo ƙasar nan tare da ayarin fataken goro. Babban ɗan gidan ya ɗauka zai warware ta mu gani, sai ta karye gida uku a hannunsa. Fumfuna ta riga ta cinye cikinta.

Uwargidan mamacin tana bayan labule cikin takaba. Ta ce: "Malam, shekara shida ke nan ba a fito da ita ba. Lokacin da Alhaji yake da lafiya, duk ƙarshen damina sai ya ciro ta ya goge, ya rataye ta a zaure ta sha iska. Da ciwo ya kwantar da shi, sai yara suka sa ta a leda, wai don kada ta lalace."

Wannan ɗamara ta haura shekara ɗari tana wucewa daga hannu zuwa hannu lafiya, shekara shida kacal na rashin sani suka ƙarasa ta. Mun tabbata akwai irinta a gidaje da yawa daga Ankara har Tamale. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihinta, domin wanda ya san yadda aka yi abu da ƙasar da aka yi shi dominta, shi zai san yadda zai riƙe shi.

Jima da dukanci a ƙasar Hausa

Ɗamara ba ta isa ƙugun mai ita sai ta bi ta hannun mutum biyu: majemi da baduku. Majemi yakan jiƙa ɗanyar fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare shi, sannan ya tausasa ta da fatakka ko kashin tantabara. Majeman da ke wannan ƙasa sukan yi amfani da ganyen gwanda a wannan mataki. Daga nan sai a tsoma ta kwana da kwanaki cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Ɗaurin da ke cikin bagaruwa shi ne yake kama naman fatar ya hana ta ruɓewa. Bayan haka a shafe ta da mai, a buga ta, a miƙe ta, a shanya. Jan launi daga karan dafi yake fitowa, wato jan kuben ganyen wata irin dawa, a haɗa shi da ɗan kanwa. Shi ne ganyen da iyayenmu mata suke jefawa a tukunyar wake da shinkafa, abincin da duk ƙasar nan ta karɓa daga zango. Baƙin launi kuwa daga ƙarfe ake samunsa, domin duk inda ƙarfe mai tsatsa ya haɗu da fatar bagaruwa sai wurin ya yi baƙi. A riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Sana'ar ta daɗe. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir tun a ƙarni na 16, da yadda ake kai takalmansu Tumbutu da Gao. A shekarar 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Kano ya ga takalma da jemammun fatu masu jan rini da ake ɗauka har Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna saboda laushinta da ƙwarinta. Da yake ta hannun 'yan kasuwar arewacin Afirka take isa Turai, sai ta shiga cikin abin da Turawa suke kira fatar Maroko, sunan majemin Bahaushe ya ɓace a hanya. Har yau akwai majema a unguwar Ƙofar Wambai a birnin Kano.

Baduku shi yake karɓar fatar ya yanka, ya ɗinka, ya yi mata ado. Daga hannunsa ake samun takalmi da kube da zabira da burgame, da gafakar Alƙur'ani, da kayan doki, da rufin laya, da ɗamara. A nan ya kamata mu bambanta abu biyu da yaranmu suke haɗawa. Ɗamara ita ce abin ɗaure ƙugu da rataya kayan tafiya. Guru kuwa fata ce da ake ɗinkewa da layu ko magani a ciki don neman tsari. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin irin wannan, kuma ba fatawa muka zo bayarwa ba. Amma a matsayin kayan tarihi, fata ɗaya ce, ciwonta ɗaya, maganinta ɗaya.

Hanyar Gwanja

Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa an buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15. Amma a ƙarni na 19 ne fataucin goro ya kai ƙololuwa, lokacin da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke tashi da manyan ayarori daga Kano da Katsina da Sakkwato. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya da masauki, uban dawaki yana taimaka wa madugu wajen hulɗa da sarakunan hanya da biyan fito. Sukan ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu da Jugu, su biyo ta Sansanin Mango da Yandi, su sauka Salga bayan tafiyar watanni. Suna kawo kanwa da turkuɗi da riguna da busasshen ganyen albasa da dabbobi da kayan fata, su koma da goro. Gaskiya ta wajabta mu faɗa cewa an sayar da bayin Allah a wannan kasuwa, kuma jikokin masu saye da jikokin waɗanda aka saya duk suna cikinmu a yau.

Kayan fata sun yi daraja a kudu saboda dalili bayyananne. Ƙudan tsando ba ya barin doki da shanun arewa su daɗe a kurmi, don haka yawancin jemammiyar fata daga arewa take gangarowa. Baturen Ingila Thomas Bowdich, da ya shiga Kumasi a 1817, ya ga sarakunan yaƙin Tonawa sanye da dogayen takalman jar fata, rigunansu cike da layu. Babbar rigar yaƙin sarkin Asante, wadda layu masu rufin fata suka lulluɓe, shaida ce ta wannan tsohuwar hulɗa tsakanin fadar Tonawa da Musulmin arewa, Gwanjawa da Dagwambawa da Wangarawa da Hausawa.

Shi kuwa falke, ɗamararsa ba ta ado ba ce. A jikinta wuƙarsa take, da zabirar allura da ƙyastu da 'yan abubuwan da ba ya yarda su yi nisa da jikinsa. In ta tsinke a daji, babu kasuwar da zai shiga ya sayi wata. Dole ya san ciwonta tun kafin ya yi tsanani. Har harshenmu ya riƙe wannan ma'ana: idan aka ce mutum ya ɗaura ɗamara, ana nufin ya shirya wa aiki mai wuya. Mahajjatan da suka bi ta ƙasa, ta Barno da Cadi da Sudan, su ma a ɗamara suke ɓoye guzurinsu. Mun karanta a gaban malamanmu cewa a mazhabar Imamu Malik an yarda mai harama ya ɗaura irin wannan ɗamara a kan fatar jikinsa domin kuɗin guzurinsa.

Yadda ayari ya watse, bel ya shigo

A 1874 Ingilishi suka ƙone Kumasi, Salga ta fita daga ƙarƙashin Tonawa, su kuma suka karkatar da goro zuwa Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salga kan sarauta, baƙi suka watse zuwa Kete-Karachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Ankara. Cikin waɗanda suka ƙaura har da babban malaminmu Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Karachi a 1934. Da yawa daga zangunanmu a wannan watsewa suka cika, dukawa da majema kuma suka bi jama'arsu. Shi ya sa har yau majeman Tamale da na Kumasi suke kiran kayan aikinsu da sunan Hausa, bagaruwa da karan dafi, ko da mai aikin ba Bahaushe ba ne.

Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, ya isa Kano a 1911. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can a loda shi a jirgin ƙasa. Tafiyar watanni ta koma ta makonni, aka sauke kayan jakuna, ɗamarar falke ta shiga adaka.

A daidai wannan zamani wata ɗamarar ta bayyana. Kyaftin Glover ya zo da dakarun da ake kira Hausawa daga Ikko a yaƙin 1873 zuwa 1874, aka kuma kafa rundunar 'yan sandan Gwalkwas a 1879, wadda aka fi sani da sunan Hausawa ko da yake ƙabilu da yawa ne a cikinta. Waɗannan sun ɗaura bel irin na Bature, mai kan ƙarfe da huji-huji, wanda ake gogewa ya yi ƙyalli kafin fareti. Daga bariki ya shiga makaranta da ofis, har ya zama duk mai wandon Bature yana da shi. Wandon Bahaushe da ma mazagi ne yake riƙe shi.

Sai jimar kanta ta sake. A 1884 Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar jima da gishirin kurom a Amurka. Abin da bagaruwa take yi a kwanaki, kurom yana gama shi a yini guda, kuma yau mafi yawan fatar duniya da shi ake jeme ta. Daga baya kayan gwanjo suka cika kasuwannin Kantamanto da Kejetia, tare da bel na roba mai kama da fata. Dokar korar baƙi ta 1969, zamanin gwamnatin Busia, ta ƙara raba gidajenmu, aka tafi aka bar adakoki a hannun maƙwabta da ƙananan yara. Wanda ya san sirrin kayan ya tafi, kayan suka zauna.

Fatar arewa a ƙasar damina biyu

Majemin Kano ya yi fatarsa ne don ƙasa mai damina ɗaya da dogon rani. A can babban abokin gabarta bushewa ne: hunturu ya tsotse manta, ta ƙandare, ta tsattsage. Maganinta mai. Kumasi kuwa damina biyu gare ta, ɗaya daga wajen Maris zuwa Yuli, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma ko ba a ruwa iska tana ɗauke da laima. A nan abokin gabar fata fumfuna ce, abincin fumfuna kuwa laima ne da maiƙo da datti. Saboda haka man da yake rayar da fata a Katsina, in aka labta shi a Kumasi ko Sekondi, shi zai jawo mata ajali. Magabatanmu sun gane wannan da gwaji. Suka rage mai, suka ƙara iska. Abin da marigayi Alhaji yake yi duk ƙarshen damina ke nan, kuma ga abin da muka tattara daga dattawa da dukawan da suka rage.

Na farko, gumi gishiri ne. Bel ɗin da aka wuni da shi a zare shi daga wando da dare, a goge shi da busasshen ƙyalle, a rataye shi ta kansa a miƙe. Barinsa a jikin wando shi yake lanƙwasa shi ta baya har ya karye. Wanda Allah Ya hore wa biyu ya riƙa hutar da ɗaya.

Na biyu, in ruwan sama ya jiƙa shi, a tsane ruwan da ƙyalle a bar shi ya bushe a inuwa inda iska take kaɗawa. Kada a kai shi bakin murhu, kada a shanya shi a kan kwano da tsakar rana. Jiƙaƙƙiyar fata in ta sha zafi takan ƙanƙance ta taurare, kuma ba ta komawa yadda take.

Na uku, mai kaɗan ne, kuma sai fata ta nuna ƙishi: ta yi fari-fari, ta fara tauri. A ɗebi man kaɗe kamar ƙwayar gyaɗa, a narkar da shi a tafin hannu, a murza ko'ina daidai, a bar shi ya kwana, da safe a goge abin da bai shiga ba. A kudu sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, kuma lokacinsa shi ne shigowar hunturu. Mazauna Tamale da Bawku da Bolga za su buƙaci fiye da haka. Man gyaɗa da man shanu suna tausasa fata, amma a ɗaki mai laima sukan yi ɗoyi su kira ɓera da kyankyaso. Kowane mai yana duhunta launi, don haka a fara gwadawa ta ciki.

Na huɗu, a nesanta fatar bagaruwa da garin sabulun wanki da ruwan kanwa mai ƙarfi da kananzir. In ta yi datti, ƙyalle mai ɗan danshi ya wadatar.

Na biyar, a tuna abin da muka faɗa game da ƙarfe. Kan bel mai tsatsa, ko ƙusar da aka rataye shi a kai, zai bar baƙin tabo da ba ya fita, wurin kuma ya yi rauni. A rataye a maratayin itace. Kan tagulla yakan fitar da koren datti, a riƙa share shi.

Na shida, ɗinki ɗaya in ya saki, a kai wa baduku a ranar. Wanda ya rame ko ya yi ƙiba ya bar baduku ya huda masa da mahujinsa mai fitar da zagayayyen rami. Hujin ƙusa ko bakin wuƙa tsaga ce, kuma daga nan yagewa take farawa.

Na bakwai, leda da rufaffiyar adaka su ne kabarin fata a ƙasar nan. A naɗe ta sako-sako cikin tsohon farin ƙyallen auduga, a ɗora a sama nesa da ƙasa da jikin bango. In an ga fumfuna, a fita da ita waje, a share da burushi mai laushi, a bar ta ta sha iska sosai kafin a mayar.

Ga mai sayen sabo, a duba gefen da aka yanka. Fata ta gaske tana nuna zare-zaren nama, ta jabu tana nuna ƙyalle ko kwali da aka manne da roba, kuma babu man da zai hana ta ɓarewa. A kayan gwanjo a lura da ramukan gashi: in sun fito uku-uku a tare, alamar fatar alade ce.

Kayan gado hukuncinsu daban

Duk abin da muka faɗa game da mai, na bel ɗin da ake ɗaurawa ne. Tsohuwar ɗamara ko gafaka ko kube da aka gada ba a shafa musu komai. Masu kula da kayan tarihi a gidajen adana su sun daina shafa wa tsohuwar fata mai, domin sun ga yana taruwa ya yi danƙo ya ɓata ado. In fatar ta fara zubar da jan gari kamar ƙasa, ta kai matakin da mai ba ya gyarawa. Abin da ya rage shi ne a daina lanƙwasa ta, a kwantar da ita yadda take, a rage taɓa ta. In ta ƙandare a naɗe, kada a tilasta mata miƙewa. Da mun san haka a ranar rabon gadon nan, da mun riƙe hannun ɗan gidan.

Gutsattsarin ɗamarar nan uku ba a zubar da su ba. Dattijonmu ya ce a naɗe su a farin ƙyalle, mu kuma muka rubuta takarda muka haɗa: sunan mai ita, garin da ya fito, hanyar da ya biyo, da sunayen waɗanda ta bi ta hannunsu, kamar yadda uwargida ta faɗa mana. Ita kaɗai ta rage da ta san wannan jeri.

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna roƙon kowane mai gida, da zarar ruwa ya ɗauke a bana, ya buɗe adakar mahaifinsa. Ya fitar da abin da ke cikin leda, ya kira yaransa su gani, ya tambayi tsofaffin gidan labarinsa tun suna raye, ya rubuta ko da da ajami ne. Masu zuwa gidajenmu neman tsofaffin kaya da 'yan kuɗi kaɗan a yi musu sallama cikin mutunci. Wanda kuma yake bukatar bel ya fara leƙa rumfar badukun unguwarsu kafin ya wuce kasuwa, domin in rumfar ta rufe, babu wanda zai ɗinke mana abin da ya saki.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka taka wannan hanya, Ya gafarta musu kurakuransu, Ya sa albarka a abin da suka bari.